Na Hana Karena Duba Ƙasa

A lokacin ni manomi ne a wani ƙauye kusa da tabkin Madarunfa, kuma ina da kare baƙi mai farin ƙirji. Aikinsa ɗaya ne: in za mu gona ya shige gaba, hanci a ƙasa, ya yi haushi in ya ji maciji. Yarana ba su taɓa taka ciyawa ba sai ya fara takawa.

Bayan girbi mafarautan yankinmu kan taru, samari kuma suka shigo da wata gasa: mutum ya ratsa fili da karensa ba igiya, a baza ƙasusuwa da fatar zomo a hanya, wanda karensa bai waiwaya ba shi ya ci. Wasu da bulala suke horo. Ni ba na iya dukan dabba. A ajinmu na yaƙi da jahilci na ga yadda malaminmu yake yaba mana a kan baƙi ɗaya da muka rubuta daidai, sai na ce bari in gwada haka da kare.

Nakan ɓarɓasa ƙuli-ƙuli, in riƙe a hannun hagu daidai ƙugu, tunda da hannun dama nake cin abinci. Ya tsaya a gefen ƙafata ya dubi fuskata, in ba shi. Ya yi taki ɗaya bai kau da ido ba, in ba shi. In ya sunkuya sai in yi fito, ya ɗago, ya samu ladansa. Na ware tsohon wando don wannan aiki saboda salla. Maiɗakina ta yi ta tsokanata, wai ko ita ban taɓa lallashinta da ƙuli-ƙuli haka ba. Kafin gero ya nuna, kare yana tafiya manne da ni, akuya ta gifta, babur ya wuce, idonsa na kan fuskata. Na ji daɗi har na daina sakinsa gaba ko a hanyar gona.

Ranar gasar muka bi ta cikin karan dawa da hantsi, ina so mu ƙara maimaitawa. Can sai ya toge. Kunnuwansa suka miƙe, kansa ya fara yin ƙasa. Na zaci ƙashi ya jiyo, na ji tsoron kada ya kunyata ni a fili. Na yi fito, na nuna masa ƙuli-ƙuli. Ya yi ɗan kuka a maƙogwaro, sannan ya ɗago ya dube ni, ya ɗaga ƙafa. Kububuwa ce kwance a ganyen da ke gabanmu, ta sare shi.

Na saɓa shi a kafaɗa har bakin hanya, wani mai amalanken jaki ya ɗauke mu. Ya yi ta ce mini in yi haƙuri, yana kaɗa jakin. Ƙafar ta kumbura, jini ya ƙi tsayawa. Duk tsawon hanyar karen bai daina kallon fuskata ba. Ba mu kai ga likitan dabbobi ba ya mutu.

Da na koma gida ƙaramar 'yata ta tambaye ni wa zai riƙa shiga gaba in za su kai mini fura gona.

Har gobe ban ga laifin horo da lada ba, ya fi bulala nesa. Amma na koya masa lokacin da zai dube ni, ban koya masa lokacin da zai koma aikinsa ba. Masu horar da kare, ku bar wannan tafiya a shararren fili, in kun shiga ciyawa ku sake shi. In kuma ya toge muku wata rana, ku dubi ƙasa kafin ku yi fito.