Hoton 'Yata a Wayar Mai Kwamfuta

Ni ba mai faɗa ba ce. Ko maigidana, Allah ya jiƙansa, yakan tsokane ni wai sai an matso kusa ake jin maganata. Amma akwai mutum ɗaya a garin Keffi da na riƙe a zuci, na bi shi sannu a hankali har na same shi, kuma ban yi nadama ba.

'Yata ta fari ce ta je rajistar koyon sana'a a wani ofishin gwamnati, ba zan faɗi sunansa ba. Lokacin komai ya koma kwamfuta: sunanka, unguwarku, lambar wayarka, sannan a ɗauki hotonka. Mai kula da kwamfutocin wani dogon saurayi ne mai yawan turare. Ya ce mata na'urar ba ta karɓar hoto sai kunne ya fito. Ta ja hijabi baya, ya zame ya faɗo kafaɗa, ga shi ranar ba ta sa hula a ciki ba. Ya yi wata maganar ban dariya, ta yi dariya tana kamo hijabin. Ashe ya riga ya danna. Ya ce wannan bai yi ba, aka sake wani.

Ba a jima ba ya fara kiranta. Da ta tambaye shi inda ya samu lambarta, sai ya ce, "Ai lambobin garin nan duk a hannuna suke." Ta gaya masa an sa mata rana. Bai daina ba, ta toshe lambarsa. Shi ne ya ɗora hoton nan na farko a sitatus ɗin wayarsa inda kowa zai gani, ya rubuta "tawa" a ƙasa.

Ƙanwar wanda zai aure ta ce ta gani. Uwar yaron ta zo gidanmu a unguwar Jigwada, ko tabarma ba ta bari na gama shimfiɗawa ba.

"Ki gaya mini," ta ce, "yaya aka yi hoton yarinya, kitso a waje, tana washe baki, ya shiga wayar namiji?"

Na faɗa mata yadda aka yi. Ta ce to, Allah ya kyauta. Cikin makon suka aiko cewa sun fasa.

Na yafa mayafina na tafi ofishin. Shugaban wurin dattijo ne, ya ba ni kujera, ya sa aka kira saurayin.

"Oga, ita ta turo mini," in ji shi, yana danna wayarsa. "Ka san 'yan matan yanzu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, karatuna na yaƙi da jahilci ne, ban san kan na'urarku ba. Amma ba za ta iya nuna wanda ya buɗe hoton ya ɗauka ba?"

Dattijon ya sosa ƙeya. Ya ce kalmar sirri ɗaya ce duk ma'aikata suke shiga da ita, har masu bautar ƙasa sun san ta, an ma manna ta a jikin kwamfutar don kada a manta. Kowa ya shiga, sunan ofis kawai take nunawa. "Mama, haƙuri za ki yi."

Na yi godiya na fito. Saurayin har da riƙe mini ƙofa.

'Yata ta daina fita. Ta bar Islamiyya, ba ta je koyon sana'ar ba, ko rijiyar maƙwabta sai ƙannenta. Magana ta riga ta zauna a unguwa cewa ita ta tura. Wannan maganar ce nake so a cire mata daga jiki, kuma daga bakin da ya sa ta.

Abin da ya tsaya mini shi ne fahariyar nan tasa, wai lambobin gari duk a hannunsa suke. Wanda ya faɗi haka, ba a kan 'yata ya fara ba. Sai na zama mai zuwa kowane suna da kowane biki, ni da a da sai an ja ni. Idan hira ta yi daɗi, in tambaya a hankali, "Naku yaran ma sun yi rajistar nan?" In mace ta yi shiru ta kalli ƙasa, washegari sai in kai mata ziyara.

Haka na samu wata malamar firamare, 'yar ƙabilar Mada ce, Kirista, wadda 'yarta ta canza layi saboda shi. Na samu wata Inyamura mai shagon kayan roba a kasuwa. Na samu wata da muka yi aji ɗaya a yaƙi da jahilci. Kowacce ta ɓoye don kunya, tana zaton ita kaɗai ce.

Damina ta wuce, wata ta shigo. Sai na ji mai turaren yana neman aure a unguwar Gangaren Tudu, 'yar wani mai sayar da hatsi. Uban ya yi bincike a masallaci da wajen aiki, kowa ya ce yaron kirki ne. Maza ai maza suke tambaya.

Na zagaya na gaya wa matan nan ranarmu ta zo. Na kuma je wajen uwar yaron da suka fasa auren 'yata, na ce, "Ba roƙo na zo ba. Ki raka ni wani gida, ki zauna ki ji."

Bayan la'asar muka yi sallama a gidan mai hatsin. Uwar yarinyar ta kawo ruwa, tana mamakin wannan haɗi. Ni na fara, ban ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ya faru ba. Malama ta faɗi nata. Mai shago kuwa ta tashi tsaye.

"Ni na kira shi da kaina! Na ce kai mai turare, ka sake kira yarinyana, zan zo ofis da muciya, in tuƙa ka gaban oganka!"

Har uwar gidan sai da ta yi dariya, sannan ta daina. Ta aika a kira maigidanta. Ya tsaya bayan labule, muka sake faɗa tun daga farko. Da muka gama ya ce, "Na gode, bayin Allah." Uwar wanda ya fasa auren 'yata tana gefe, ta kasa ɗaga ido.

Aka mayar wa mai turaren kayan aurensa.

Gwaggonsa ta zo mini da kuka. "Yaya, ki rufa masa asiri, yaro ne."

Na ce, "Ita wadda ya tona wa asirin, tsohuwa ce?"

Ta tambayi abin da nake so. Na ce ya je gidan mutanen da suka fasa, gaban uban yaron da limamin unguwarmu, ya faɗa da bakinsa inda ya ɗauko hoton. Ya je, ya durƙusa, ya faɗa. Kafin magariba labari ya zagaye Jigwada.

Gwaggon ta dawo da fara'a, wai saura in je Gangaren Tudu in sa baki a mayar da maganar aure.

Na ce, "Na yi miki wannan alkawarin?"

Na ƙara mata ruwa a kofi.

Mutanen da suka fasa sun aiko suna son a gyara. Na bar wa 'yata zaɓi, ta ce a'a, na ce madalla. Ta koma Islamiyya, ta sake rajista, yanzu ɗinki take yi. Ta ce a ofishin kowa da tasa kalmar sirrin yanzu, kuma mace ke ɗaukar hoton mata. Shi an ɗauke shi daga kan kwamfuta, ban tambayi inda aka kai shi ba.

Nakan gan shi wani lokaci a tashar motocin Abuja. Yakan rusuna daga nesa ya ce, "Ina wuni, Mama." Ina amsawa da muryar da nake amsa wa kowa. In yana son ya ji abin da na ce, sai ya matso kusa. Har yau bai matso ba.