Baba Gideon Mai Shafa wa Eriya Giris

Kafin masunta su dawo da kamun safe, Baba Gideon Ɗangana ya riga ya kunna rediyon oba-oba a rumfarsa ta bakin ruwa a Yelwa. Yakan bi direbobin jirage da gaisuwa, daga tsibiran da waya ba ta kamawa har Wara, yana tambayar lafiyar ruwa. Ba wanda ya ɗauke shi aiki. Sha'awa ce tun ta samartaka, ta zo ta zama abin dogaron jama'a.

Eriyarsa bututan alminiyon ne, ana zura ƙarami cikin babba har ta zarce rufin kwano. Duk gabanin damina sai ya sauke ta, ya zare gaɓoɓin, ya goge farin garin da laima ke haifarwa, ya shafa wani giris mai ruwan toka da aka gauraya da garin ƙarfe. Shi ke hana bututun cijewa, kuma ya bar murya ta wuce. Mun sha tsokanarsa cewa ko jikokinsa ba sa samun irin wannan shafa.

Bara zazzaɓi ya kwantar da shi daidai lokacin aikin. Maƙwabcinsa Arzika, masassaƙin jirage, ya ce bari ya hutar da tsoho. A wurin mai jirgi kuwa, duk inda ruwa zai shiga kwalta ce maganinsa. Sai ya lafta wa kowace gaɓa kwalta ciki da waje, ya tayar da eriya, bai gaya wa kowa ba. Da zuciya ɗaya ya yi.

Ranar kasuwar Wara da la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Muryar Mustapha direban jirgi ta shigo rediyo guntu-guntu: inji ya mutu, iska na tura su wajen kututturan da ke ƙarƙashin ruwa. Inda suke ne ya ƙi jiyuwa. Jirgin cike yake da mata 'yan kasuwa, har da Zahra'u matar Arzika.

Ina wurin. Baba Gideon ya fito da ƙyar, ya ɗaga kai, ya ga baƙin abu ya tsattsafo daga gaɓoɓin.

"Arzika, mi kas shafa mata?"

"Kwalta ta, Baba. Don ruwa."

Bai yi faɗa ba, babu lokacin yi. Ya ce a kwantar da eriyar. Kowa ya san dogon ƙarfe da tsawa ba sa shiri, duk muka ja da baya, su biyu suka sauke ta. Kwalta ta kama gam, sai da aka jiƙa ta da kananzir. Arzika na murɗawa yana hawaye, Baba na kankarewa. Walƙiya ta fara. Masu jiragen da za su kai ɗauki sun tayar da inji, amma ina za su nufa a faɗin tafkin Kainji? Baba kuwa yana bin gaɓa bayan gaɓa da girisinsa, bai tsallake ko ɗaya ba, ana ta yi masa magiya ya yi sauri. Ni kam a lokacin haushinsa na ji ƙwarai.

Suka tayar da ita ruwa na sauka a kansu. Muryar Mustapha ta fito tar: suna daura da tsohon garin da ruwa ya cinye. An iske jirgin ya fara shan ruwa. Aka kwashe kowa da rai, kaya kaɗai suka tafi.

Kai ne kunnen gulbi, Baba. Kai ne ka rungumi ƙarfe a ƙarƙashin hadari da zazzaɓi a jikinka, saboda matan da yawancinsu ba ka san sunansu ba. Bana hannu ya ƙi, ka ce ka ajiye aikin, kuma Arzika ka miƙa wa rediyon. Da aka yi gunaguni, ka ce wanda ya taɓa tsayawa bakin ruwa yana jiran matarsa ba zai sake ganganci da gaɓa ba.

Mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Ku kuma samarin Yauri da Ngaski da Shanga, ku je rumfar nan ku koya tun yana iya nuna muku. Kasuwa mai zuwa ma iyayenmu mata za su shiga jirgi.