Ruwan Zafin da Na Zuba a Kan Ƙanƙara

Wallahi wannan da zan faɗa muku ba a majalisa na ji shi ba, ni ya sama. Malamin kimiyya ne ni a wata sakandare da ke unguwar Catford a London, aikina kullum in tsaya gaban 'ya'yan mutane in tabbatar musu cewa babu motsin da ba shi da dalili. To ga guda ɗaya da na yi shekaru ina neman dalilinsa ban samu ba.

Hutun half-term ne, na tsakiyar zangon karatu, cikin hunturu. 'Yata Ummi, mai sunan mahaifiyata, tana shekara sha huɗu, makarantarsu ta koya musu skiing, wasan sulɓi da katako a kan ƙanƙara, sai ta tasa ni gaba lallai sai mun je duwatsun Alps ta gwada ƙafarta. Uwarta ta ce ita sanyin unguwarmu Abbey Wood ma ya ishe ta, ba za ta hau jirgi neman ƙari ba. Ni kuwa mutumin Malumfashi, wanda iyakar saninsa da ƙanƙara ita ce ta cikin zoɓo, na yi booking muka tafi. Ku riƙe wannan: Ummi haihuwar London ce, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa. Duk arzikinta a Hausa bai wuce "ina kwana" da "na ƙoshi" ba.

Rana ta biyu muka shiga cable car, wani akwatin gilashi da ke rataye jikin waya, ya yi ta hawa da mu har kunnuwana suka toshe. A can ƙololuwa akwai wani kogi da ya daskare tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, fari fat, iya ganinka. An kafa sanduna an ja igiya, aka kuma gargaɗe mu kada a tsallake, don bayanta akwai tsagu masu zurfi da ƙanƙara ta rufe bakinsu, taku ɗaya ya isa mutum ya afka.

Azahar ta yi. Na ce wa Ummi ta yi wasanta inda zan riƙa hango ta, na raɓe bayan wani dutse kusa da igiyar, na cire safar hannu. Ruwan alwala kuwa babu sai na shayi da ke cikin fulas, yana tururi. Sai dabarar malamin kimiyya ta zo min: in zuba shi a kan ƙanƙara, ya narka ta, su haɗu su yi ɗumi. Kakata Inna Delu, Allah Ya jiƙan ta, ta sha zungurar ƙeyata a kan haka. Ta ce ba a zuba ruwan zafi a ƙasa sai da bismillah, akwai masu wuri da ba ma gani, a ba su dama su janye 'ya'yansu. Ba zan yi muku ƙarya ba, maganar ta faɗo min a rai a lokacin, na ma yi murmushi, na ce wannan dokar tsakar gidan Malumfashi ce, ba ta da biza. Na tuttula ruwan.

Wani ɗan kuka ya fito daga ƙarƙashin ƙanƙarar, siriri, kamar na jinjirin da aka tsikara. Na ce tsagewa ce, zafi ya haɗu da sanyi, ni da nake koyar da wannan duk shekara. Na yi alwalata na tayar da salla.

Ina sallamewa na ga duniya ta ɓace. Gajimare ya sauko ya rufe komai, ba dutse, ba sanduna, ba mutane, ko hannuna da kyar nake gani. Na kira Ummi, shiru. Na sake kira, muryata ta dawo min kamar na yi magana cikin bargo. Na lalubi igiyar ina binta, sai na yi tuntuɓe da katakon skiing ɗinta guda biyu, an jera su tsaf kamar takalma a ƙofar masallaci. Sawunta kuma ya tsallake igiya.

Na tsallaka. Taku kamar goma na hango jar rigarta. Tana tsaye ta ba ni baya, gaban takalmanta a kan bakin wani rami mai shuɗin ciki wanda ban ga ƙarshensa ba.

"Mamana," na ce a hankali, "dawo baya."

Ba ta juyo ba. Da muryarta dai, amma da Hausar tsofaffin da suka riga mu gidan gaskiya, ta ce, "Malam, kai ne ka ƙona mini ɗa?"

Duk karatuna ya tafi, sai na Inna Delu ya rage. Na ce, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri, ban gan ku ba."

"Ba a ce ka gani ba. Cewa aka yi ka ambaci Allah mu kauce. Ka sani, ka yi dariya."

Ta ɗaga ƙafa ɗaya. Ƙanƙara ta gutsure daga bakin ramin, na kasa kunne ban ji saukarta ba.

Na durƙusa na miƙa hannun dama. Na ce, "Yarinyar nan ba ta zuba komai ba. Ga hannun da ya zuba."

Sai na ji kamar an tsoma hannun nan cikin tafasasshiyar tukunya, tun daga yatsu har wuyan hannu. Na cije leɓe ban janye ba. Ummi ta yi baya ta faɗi zaune, ta waiwayo ta ce, "Dad, why are you crying?"

Da hannun hagu na ja ta har igiya. Kafin mu kai cable car gari ya washe, Turawa na ta ɗaukar hoto abinsu.

Da muka dawo London likita ya duba bororon da ya tashi ya ce sanyi ne ya ci fatar, tunda na cire safa. Ban tambaye shi me ya sa sanyin ya tsallake hannun hagu ba. Wata nas 'yar zangon Hausawa na Kumasi da ke ɗaure min ciwon ta jira ya fita, sannan ta ce, "Malam, wannan ruwan zafi ne. Wa ka taɓa?"

Ummi ba ta tuna komai, har yau, kuma Hausarta na nan inda take. Sai dai bara, da rana tsaka, ina sauri zan koma makaranta, na juye ragowar ruwan butar shayi a sink ɗin wanke-wanke bakina a rufe, ba bismillah. Tana falo tana karatun jami'arta, ko ɗagowa ba ta yi ba, na ji ta ce, "Malam."

Shi ke nan abin da ta ce. Don haka ko a hawa na ashirin kuke, ko a kan dutsen da babu ko ciyawa, in za ku zuba ruwan zafi ku yi bismillah. Ba mu kaɗai ne muka yi ƙaura ba.