Maguzawan Ingila

Ina Dubai sayen yadi aka haifa mini ɗan fari. Babana ya bugo waya daga Kano ya ce sunan kakana za a sa wa yaron. Na ce to, a bari in yi tunani, alhali raina ya gama ɓaci. Kakan nan Bamaguje ne, sai da ya yi furfura ya musulunta, kuma bayan ya fara salla ya daɗe da tukunyar tsafinsa a bayan rumbu. Tun ina makaranta ake yi mini gori da shi.

Akwai wani dattijo ɗan Nijar da muke hayar ɗaki ɗaya a unguwar Abu Hail. Dā malamin tarihi ne a Damagaram, neman abinci ya kawo shi ofishin kago, inda ake aika kaya ƙasashe. Ban taɓa ganin mutum mai sanyin magana da yawan sani irinsa ba. Kwana uku kafin suna muka shiga abra, ƙaramin jirgin fito, daga Bur Dubai. Ya ga na yi tagumi, sai na zayyana masa komai.

Kusa da mu wasu Turawa ne da kyamara, rana ta gasa su sun yi jawur. Don in kawar da zancen na ce, "Su Nasara ba ruwansu, da addininsu aka halicce su."

"Wa ya gaya maka, ƙanena?" in ji shi. "Mu ne muka haɗa Bature da Kirista muka kira su Nasara. Kakannin Ingilishi Maguzawa ne, har yanka suke yi wa gumaka."

Wallahi na ɗauka zolaya ce. Bature da tsafi?

Ya ce wani sarkinsu ya auri Kirista daga ƙetaren teku. Da masu wa'azi suka zo, ya ƙi ganinsu a cikin ɗaki don tsoron sammu, sai a fili. Ya saurare su tsaf, ya nuna ba zai iya watsar da abin kakanninsa rana ɗaya ba, amma ya ba su masauki da abinci. Daga baya ya bi su. Wani sarkin kuma ya karɓi sabon addinin, amma a ɗakin bautarsa ya bar wurin yi wa gumaka yanka a gefe.

"Malam, wannan ai kakana ne!"

"Voilà, ka gano. Ban ce daidai ne ba. Amma kai a kan tabarmar salla ka buɗe ido, me ka bari? Shi kakanka ya bar dangi da abin da ubansa ya mutu a kai. Tukunyar fa, ina ta ƙare?"

Na sani sarai, mantawa kawai na ga dama in yi. Kakana da hannunsa ya fasa ta, yana kuka, ina yaro ina leƙe. Kunya ta kama ni har na kasa haɗa ido da Malam.

Mai jirgi ya ce yalla, a fita, muka sauka a tashar Sabkha. Ban jira mun kai shagon yadi ba, a bakin ruwan na kira Babana.

"Baba, a sa masa sunan."

Ya ce, "Kai kaɗai dama nake tsoron ka ƙi shi."