Gwangwani Uku a Bokiti

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba na jin zai ɗauke Asabar ɗin da tsofaffin ɗalibai suka so raba ni da aikina saboda na zuba musu madara isasshiya. Ku da kuka shigo kicin kwanan nan kuna jin labarin gutsi-gutsi, kowa da gishirin da yake ƙara masa, to ku ji shi daga bakin mai shi.

Daga Gazara na zo makarantar kwana ta 'yan mata ina da goyon fari, aka ɗauke ni wanke-wanke. Shekara shida ina kankare tukunya kafin a yarda in riƙe muciya. Daga nan na zama kuku, daga baya babbar kuku, har na yi ritaya. Da aka rasa wadda za ta riƙe kicin ɗin, sai ƙungiyar iyaye da malamai ta ci gaba da riƙe ni da kwantiragi, ana sabunta shi zango-zango. Ma'ana dai, takarda guda ta isa ta mayar da ni ƙauye, in bar ɗakin da nake ciki a kwatas da jikokina biyu marayu.

Wanda bai san aikin ba yana zaton kuku ce mai abinci. Kuku ko ƙofar sito ba ta taɓawa. Da safe mai sito ke fito da kayan ranar, ɗalibar da ke riƙe da muƙamin firifet ɗin abinci ta sa hannu a matsayin shaida, leburori su ɗauko su dire a kicin. Abin da ya iso gabanki da shi za ki ciyar da makaranta, in ya yi kaɗan kuma sunanki yara za su kira da zagi.

Ran Lahadi muke yin fudin, wani abin zaƙi irin na Turawa. Wani tsohon kuku, Baba Ɗanjuma, wanda ya yi wa Turawa girki a Zariya, shi ya koya mana. Na ainihi ƙwai ake sa masa da bota da madara mai kauri, haka yake faɗa yana girgiza kai, domin mu ba mu taɓa ganin waɗannan a kicin ɗinmu ba. Namu a wancan zamanin burodi ne da ya kwana biyu har ya bushe, da mazarƙwaila da ake sarowa a Makarfi don ta fi sukari araha, da madarar gwangwani uku a bokitin ruwan rijiya. Ki huda gwangwanin huda biyu da bakin wuƙa, ki tsiyaye, ki ɗauraye cikinsa sau biyu ki ƙara a kai. Ruwan yakan yi fari-fari kamar na wankin shinkafa. A jiƙa burodin a ciki, a narka mazarƙwailar har ta ɗan kama, a zuba a tire, garwashi a ƙasa, a rufe da guntun kwanon rufi a ɗora garwashi a sama. Yaran da suka yi mako suna fama da tuwon dawa da miyar da ake ganin ƙasan kwano ta cikinta, in suka samu yanka guda sai ka ce an aiko musu daga aljanna.

Wata shekara, lokacin yankan rake, tsofaffin ɗalibai suka shirya taro a makarantar. Shugabarsu Hajiya Rabi ce, babbar darakta a Abuja, wadda na sani tun tana yawo da silifas wari da wari. Ta yi wa Firinsifal waya ta ce ba sa son kek, ba sa son askirim, fudin Iya suke so, wato ni. Ana gobe taro mota ta sauke katan guda na madara, da kiret biyu na ƙwai, da bota, da farin sukari, da burodi mai yanka-yanka wanda ɗuminsa bai gama fita ba.

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Mataimakiyata Ladi ta tsaya a kan kayan ta riƙe haɓa ta ce, "Yaya, yau dai fudin ya ga gata." Muka yi shi yadda Baba Ɗanjuma ya yi ta kwatantawa har ya koma ga Allah bai ga an yi ba. Ko ɗigon ruwa ban sa ba. Da na ɗaga kwanon, saman ya yi ja, cikin yana rawa, ƙamshi har ofishin Firinsifal. Na sa sabon zanena na tsaya a bakin ɗakin cin abinci ina jiran yabo.

Mata wajen sittin, leshi da gwal sai walƙiya suke, aka raba musu bayan shinkafa. Kowa ta kai cokali ɗaya, ta kai na biyu, sai na ga ana kallon juna. Hajiya Rabi ta yafito ni.

"Iya, ina gajiya? Ya jikoki?"

"Lafiya lau, Hajiya. Kun zo lafiya?"

"Lafiya. Amma Iya, wannan ba shi ba ne."

Wata daga gefe ta ce yana gundura. Wata ta ce na da har a mafarki take jin ɗanɗanonsa, wannan kuwa lami ne. Sai wata mai gilashi, wai likita ce, ta yanke hukunci: na da madara ce zalla, shi ya sa ya fi daɗi, wannan an yi masa ƙwauro. Nan take duk suka yarda. Mata masu digiri bibbiyu, ga madara tana danƙare musu a dasashi, amma suka haɗu a kan cewa babu ita. Wata ta tambaya da ƙarfi, yadda zan ji, ina sauran katan ɗin ya shiga.

A babban tebur akwai Alhaji Sale, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, mai sa hannu a kwantiragina. Shi ne mai siton makarantar a shekarun da waɗannan matan suke ɗalibai. Ya gyara babbar riga, ya karɓi abin magana, ya yi mana wa'azi a kan amana. Ya ce ma'aikatan yanzu ba su da tsoron Allah, a zamaninsa ko ƙwayar shinkafa ba ta ɓata tsakanin sito da tukunya. Ladi ta ruga ta kwaso gwangwanayen da muka huda, cike da baho, ta dire a gabansa. Ya leƙa ya yi murmushi.

"Gwangwani ai ba ya magana," in ji shi. "A huda a juye a jarka, a bar muku fanko, wannan tsohuwar dabara ce."

Gaskiya ya faɗa, tsohuwar dabara ce, kuma babu wanda ya kai shi sanin shekarunta. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

Firinsifal ta ja ni gefe, fuskarta a murtuke. Ta ce na kunyata makaranta a gaban waɗanda ake sa ran su gyara rufin ɗakunan kwana, ran Litinin in amsa takardar tuhuma, kuma Alhaji ya ce za a duba batun kwantiragina. Raina ya ɓaci ƙwarai. Shekara talatin da ɗoriya ko ƙanzo ban taɓa fita da shi a ɓoye ba, yau a gaban yaran da na ciyar ake kirana ɓarauniya.

Na ce, "Ranki ya daɗe, a ba ni zuwa la'asar."

Suna can suna jawabai na aiki Ladi bakin titi wajen mai shayi. Na ce ta roƙo duk burodin da ya yi kwantai, wanda yake shirin ba awaki, ta haɗo da madara gwangwani uku da mazarƙwaila mafi baƙi da za ta samu. Na ja ruwa a rijiya da hannuna, bokiti guda. Na huda, na tsiyaye, na ɗauraye. Na bar mazarƙwailar ta kama har ta soma ɗaci, na sa ɗanyen itace don hayaƙi ya shige shi sosai. Ladi tana kallona ta ce, "Yaya, wannan ko 'yan gidan yari aka ba sai sun yi bore." Na ce ta yanka shi ƙanana, yadda ba zai ishi kowa ba.

Ana idar da la'asar muka shiga da tire. Cokali ɗaya Hajiya Rabi ta kai, ta rufe ido, ta dafe ƙirji.

"Wayyo Allah, shi ne! Wallahi shi ne!"

Ɗaki ya kaure da guɗa. Likitar nan har da ƙwalla, tana cewa ga madara nan ta ji ta har ƙwaƙwalwa. Manyan mata suna wawason ƙanzon tire da cokali, gwal yana karo da gwal. Alhaji Sale ya sake karɓar abin magana ya ce, "Kun gani ko? Da aka tsorata ta ai ga shi ta fito da madarar."

Da ya yi shiru da na ƙyale shi, Allah ya sani. Sai ga Hajiya Rabi ta jawo ni gaba, ta miƙa mini abin maganar, ta saita wayarta tana ɗauka, wai in faɗi yadda ake yi dalla-dalla don ta ba mai yi mata girki. Na faɗi burodin, na faɗi mazarƙwailar, aka yi dariya. Ta ce madara fa, gwangwani nawa?

"Uku, Hajiya."

"Uku a kowane tire?"

"Uku a bokitin ruwa. Abin da kuka cinye yanzu ke nan, ku duka. Katan ɗinku yana cikin na farkon da kuka ture."

Ta sauke wayar. Ta ce ba zai yiwu ba, ita ce firifet ɗin abinci a shekararsu ta ƙarshe, da hannunta take sa hannu, dozin guda ake fitarwa kowane bokiti.

Na ce, "Haka yake a takarda, Hajiya. Dozin ke fita daga sito, uku ke isowa kicin. Tsakanin sito da kicin taku ashirin ne, ni kuma ban taɓa bin hanyar ba. Alhaji ne ya santa, ga shi nan Allah ya ja da ransa." Sai na ga tunda wanka ya kama babu amfanin ɓoye cibiya. "Kada in ɗauki alhakinsa duka. Akwai gwangwani guda da yake ba firifet duk Lahadi, ladan sa hannu."

Sai wata daga baya ta ƙwala, "Rabi! Ashe nan kike samo madarar da kike jiƙa garin kwaki kina hana mu!" Dariya ta ɓarke, har da masu faɗowa daga kujera. Hajiya Rabi ta taya su, tana ɗaga hannu wai yarinta ce. Alhaji Sale kuwa ya tuna alwalarsa ta karye, ko da yake yanzu aka sallame, ya fita bai dawo ba sai da aka fara ɗaukar hoto.

Firinsifal ba ta sake maganar takardar tuhuma ba. Kwantiragina ma an sabunta, domin Alhaji ya san in ya ƙi sa hannu kowa zai gane dalili. Matan suka rungume ni, suka lulluɓa mini atamfa, babu wadda ta ce in yafe mata kiran ɓarauniyar da ta yi mini da rana. Na koma ɗaki ina jin na yi nasara.

Bayan mako biyu takardar bayan taro ta iso, aka kira ni ofis aka karanta mini. Babu sunan Alhaji a ciki, sai a wajen godiya. Batun rufi an kafa kwamiti. Abu na huɗu shi ne nawa. A lokacin yaran makarantar suna samun fudin da madara gwangwani goma a bokiti, domin mai siton da muke da shi mutumin kirki ne. Tsofaffin ɗalibai suka ba da shawara, ƙungiyar iyaye ta amince, cewa a koma yin fudin na asali yadda Iya ta bayyana, don ya fi daɗi, kuma yana koya wa yara juriya da ƙana'a irin ta da. Babu ko ɗaya a cikin matan da suka sa hannu da 'yarta take makarantar.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ai yunwa ce ta sa musu daɗin nan, ba ni ba."

Firinsifal ta ce, "Iya, ke kika faɗa da bakinki, ga shi a waya."

Lahadin da ta biyo baya leburori suka dire mini gwangwani uku, wannan karon da takarda da hatimi. Abin da Alhaji yake yi a ɓoye yana waige-waige, ni na mayar da shi doka da bakina, garin wanke sunana. Wannan ya fi kiran ɓarauniyar yi mini ciwo, kuma har yau yana yi.

Don haka ku da kuke riƙe da ludayi yanzu, ku san mutanen da kuke ciyarwa. In ƙosasshe ya zo yana muku kukan abincin da, ku yi masa murmushi ku dafa masa, bai san abin da yake kewa ba, kuma ba aikinku ba ne ku sanar da shi. Amma kada ku faɗa masa ma'aunin. Zai ci yanka ɗaya ya share ƙwalla ya shiga motarsa, 'ya'yan talakawa su ci sauran har su gama makaranta.