Malam Aji Ba Ya Hawa Rufi

Ni kafinta ne, sunana Bappayo, shekara ashirin da wani abu ina buga rufi a Pantami, kuma ba na son a koya mini aikina. Da ido nake awo. In na tsaya a titi na kanne ido ɗaya na ce "yanka nan", to nan za a yanka.

Malam Aji Wakil ya zo mini a shekarar da Bama ta watse. Limamin unguwarmu ne ya kawo shi, ya ce in taimaka in ba shi ko ɗaukar katako ne. Dogo ne siriri, yana ɗingishi, don ya karye a hanyar gudu kuma ɗorin bai yi kyau ba. Hausarsa ta Barebari ce, mace ya ce "shi", namiji ya ce "ita", ma'aikatana su yi ta dariya, shi ma ya taya su. An ce a da malamin lissafi ne a sakandare, amma takardunsa sun ƙone tare da gidan. Ban damu ba. Abin da ya dame ni, mutumin ba ya iya hawa tsani, ni kuwa aikina duk a sama yake. Wata uku ina haƙuri, har na yanke shawara ranar Jumma'a zan sallame shi.

A makon ne muke rufin Goggo Iklima a Jekadafari. Ɗanta ya aiko da zane daga Kaduna, ya rubuta faɗin gini ƙafa ashirin da huɗu, kusurwa digiri talatin kowane gefe, amma ya manta tsayin ginshiƙin tsakiya. An riga an yanko dogon kwano daga kamfani, ƙafa sha huɗu-huɗu. Na kanne ido na ce ƙafa tara.

Malam Aji ya ajiye katakon da ke kafaɗarsa, ya tsuguna, ya ɗauki ƙusa ya zana alwatika a ƙasa. Ya raba ta biyu, ya ce rabin faɗin sha biyu ne. Wai kowace kusurwa tana da wata lamba da ake kira tan, wadda ke faɗin yadda rufi ke tashi a kowace ƙafa, ta talatin kuwa ta ɗara rabi kaɗan, ya haddace ta. Ya ninka ta da sha biyu.

"Maigida, ƙafa bakwai ba inci ɗaya. In ka sa tara, kwano ba zai kai ba."

Raina ya ɓaci, don a gaban Goggo ya faɗa. Na ce masa ni ba a ƙasa nake rufi ba. Muka kafa tara, muka ɗora rafta, katakon da kwano ke kwanciya a kai, muka miƙa kwanon farko. Ya tsaya ƙafa guda cur kafin baki. Goggo Iklima ta ɗaga kai ta tambaye ni ko tagar shan iska ce na bar wa damina.

Na sauko ina zufa. Malam Aji ya miƙo mini zarto, ya riga ya yi wa ginshiƙin alama da alli. Muka rage, muka sake ɗorawa, kwano ya zauna daram har da ɗan saura na zubar ruwa. Na ji kunya ƙwarai, na kuma ji daɗi, don asarar kwanon nan da ta gama da sunana a Jekadafari.

Ranar Jumma'a na kira shi. Ya zo da kofinsa da dardumarsa a leda, ashe maganar sallama ta riga ta kai kunnensa. Na ce ya ajiye ledar, gobe muna da rufi a Barunde, kuma ba zan taka tsani ba sai ya gama zanensa. Ya tambaya ko shi ma zai hau. Na ce kafinta ya hau, malami ya zauna a inuwa.

Ya zauna a kan katako yana dariya, har ya sa hannun riga yana goge ido.

"Bappayo," ya ce, "tun da na bar Bama kowa tambayata yake ina 'yan'uwana, yaushe za mu koma. Sai yau aka zo da tambayar da na san amsarta."