Saƙar Zumar da Abu Gassan Ya Kankare

A ƙauyenmu na kan tsaunin Akkar babu gidan da Nazih bai taɓa durƙusawa gaban murhunsa ba. Abu Gassan ake ce masa. Shekara arba'in ya yi yana gyaran sobiya, murhun ƙarfen da muke ɗumama ɗaki da shi. Da an gama tsinkar zaitun za ka gan shi da buhu a kafaɗa, burushin ƙarfe na leƙowa, yana bi gida gida yana kankare kunkunniyar bututu. Magana ɗaya gare shi: abin da bai yi ƙyalli ba bai gyaru ba.

Matarsa Wafiƙa, Ummu Gassan, hayaƙin shekaru ya cinye mata ƙirji. Likita ya ce ko dai ta rabu da hayaƙi, ko ta sauka birnin Tarabulus wurin 'yarsu Rima duk lokacin sanyi.

"In sauka in yi me?" in ji ta. "In zauna a hawa na shida kamar tantabara? A ɗakin nan na haihu, a nan za a wanke ni."

Sai ɗansu Gassan ya aiko da murhu daga Kanada. A samansa, daga ciki, akwai wani faifan tangaran mai ƙananan huji kamar saƙar zuma. In ya ɗauki zafi, shi ke cinye hayaƙin kafin ya fita. Sanyi biyu Wafiƙa ta yi ba tari. Takan ɗora ɓawon lemo a kan murhun, ɗaki ya ɗauki ƙamshi, tana tsokanar mijin:

"Shekara arba'in kana shaƙe ni, malam gwani, ga ɗan faifai ya fi ka."

"Faifan ne ya biya sadakinki?" ya ce, yana dariya.

A sanyi na uku gilashin ƙofar murhun ya fara baƙi. Allurar ma'aunin zafi ta ƙi tashi, bututu na aman hayaƙi, in an buɗe ƙofa ya dawo ɗaki. Tari ya dawo.

Abu Gassan ya bi abin daki-daki. Ya ƙwanƙwasa itace biyu, ya ji a bushe suke. Ya duba igiyar da ke toshe bakin ƙofa, lafiya lau. Ya hau rufi ya leƙa bututu. Da murhun ya huce ya zaro saƙar zumar, ya tarar toka ta toshe hujin. Ya yi hamdala, don wannan aikinsa ne. Ya zauna a rana da burushin ƙarfe da tsinke, huji bayan huji, tun hantsi har la'asar, sai da faifan ya yi fari tas.

Ya mayar, ya hura wuta. Allura ko motsi.

Ya kira Gassan, ya nuna masa faifan ta waya, da ɗan alfahari.

"Baba, da me ka goge shi?"

"Da abin da na ciyar da kai."

Gassan ya ce: "Baba, dusu-dusun da ka kankare daga jikinsa ba datti ba ne. Shafe ne aka yi masa, shi ke ƙone hayaƙin. Da burushi mai laushi ake share tokar kawai."

Abu Gassan ya dubi tafin hannunsa. Garin na nan a cikin faratansa.

Sabon faifai sai an yi wata ɗaya da rabi kafin ya iso. Ya gwada rage itace, ya gwada buɗe taga, dusar ƙanƙara ta shigo. Ranar Juma'a Rima ta zo da mota. Wafiƙa ba ta yi gardama ba, numfashin gardamar ma babu. A bakin ƙofa ta kama hannun rigarsa.

"Kada ka sa abin a ranka, Abu Gassan. Tsabtarka ce ta yi yawa. In faifan ya zo ka aiko, kwana ɗaya ba zan ƙara ba."

Sati huɗu ta yi a hawa na shida. A can Allah ya karɓi abarsa, a can aka wanke ta.

Faifan ya iso bayan sadakar bakwai. Ya naɗe gefensa da sabuwar igiya, ya zura shi a hankali, ya hura wuta. Allura ta tashi. Ya fita tsakar gida ya ɗaga kai: bututu ba hayaƙi, sai iska mai rawa saboda zafi. Ya daɗe a tsaye.

Har yanzu yana yawon gyara, sai dai akwai ɗan burushin fenti mai laushi a aljihunsa, kuma ya bar faɗin maganar ƙyalli. In ka wuce gidansa da yamma za ka ji ƙamshin ɓawon lemo. Allah ya jiƙan Ummu Gassan, ya ba shi haƙurin rashi.